Shin Ko Kun San? Arsenik, Gubar Da Harshe Ba Ya Ganewa

Shin ko kun san akwai gubar da za a zuba wa mutum a kunu ya shanye tas, har ya suɗe ludayi, bai ji ɗaci ba, bai ji wari ba, launin kunun ma bai sauya ba? Sunan sinadarin arsenik, shi ne na 33 a jadawalin sinadarai da ɗaliban kimiyya ke haddacewa. Hausawa na cewa ruwa ba ya tsami banza, to wannan ko tsamin ba ya yi. Farin garinsa, abin da bai kai kashi ɗaya cikin biyar na giram ba, ya isa ya kwantar da ƙato.

Ko kun san dalilin da ya sa masu kisan mummuƙe a Turai suka daɗe suna cin karensu ba babbaka da shi? Alamominsa na farko su ne ciwon ciki da amai da gudawa tsululu, wato sak kwalara, a zamanin da kwalara ke ɗibar mutane a biranensu. Sai a binne mamaci a ce annoba ce. A Faransa har laƙabi aka yi masa, ana ce da shi garin gado, saboda magadan da suka gaji da jiran tsoho.

Kun kuwa san wata shari'a da aka faɗi ce ta karya lagon wannan guba? A farkon shekarun 1830 aka gurfanar da wani saurayi, John Bodle, a Ingila bisa zargin ya zuba wa kakansa arsenik a gahawa. Aka kira masanin haɗa sinadarai James Marsh, ya gwada, ya samu wani rawayan gari da ke tabbatar da gubar. Kafin ranar zaman kotu garin ya lalace, masu yanke hukunci suka ce ba su gamsu ba, aka sallami Bodle, wanda daga baya ya amsa da bakinsa cewa shi ya aikata. Abin ya tsaya wa Marsh a rai. A 1836 ya fito da gwajin da har yau ake kira da sunansa. Ana zuba abin da ake zargi a kwalba tare da tutiya da ruwan asid. In akwai arsenik, sai ya tashi ya zama iska mai suna arsin. A kunna wa iskar wuta, a kanga tangaran mai sanyi a bakin harshen wutar, sai wani baƙin tabo mai ƙyalli ya manne a jikin tangaran ɗin. Tabon ba ya gushewa, ana iya ɗaukarsa a ajiye gaban alƙali. Gwajin kan kama abin da bai wuce kashi ɗaya cikin hamsin na miligiram ba.

Wani sinadarin, antimoni, shi ma yakan bar irin wannan tabo. Yadda ake raba gardama: a ɗiga ruwan bilic, tabon arsenik ya narke, na antimoni ya tsaya.

Ko kun san shekara huɗu kacal bayan haka gwajin ya yi aikinsa a bainar jama'a? A 1840, a garin Tulle na Faransa, aka tuhumi Marie Lafarge da kashe mijinta. Masanan yankin suka gwada abin da aka ɗebo daga gawar da hanyar Marsh suka ce babu komai. Aka ɗauko Mathieu Orfila daga Paris, ya maimaita gwajin yadda ya kamata, ya samu arsenik, aka yanke mata ɗaurin rai da rai. Abin lura a nan, kayan aikin iri ɗaya ne, hannun da ya riƙe su ne ya bambanta. Har gobe haka awon sinadarai yake.

Shin ko kun san shuni, wannan dai na marina, ya taɓa shiga dokar Ingila saboda arsenik? Dokar 1851 ta ce kada a sayar da farin garin sai an gauraya shi da shuni ko kunkunniya, don kada a ɗauka sukari ne ko fulawa. Duk da haka a 1858, a birnin Bradford, wani mai yin alewar minti ya aika a sayo masa farin garin da yake ƙara wa sukari auki, yaron shago ya ɗebo daga gangar arsenik. Mutum kusan 20 suka mutu, fiye da 200 suka kwanta.

Ko kun san jikan gwajin Marsh yana nan cikin ɗan akwatin da ma'aikacin ruwa zai iya ɗaurawa a bayan babur? Tushensa gwajin Gutzeit na 1879. Iskar arsin ɗin nan ce dai ake tayarwa daga ruwan rijiya, ta bugi wata 'yar takarda mai magani, takardar ta rine daga fari zuwa rawaya zuwa ruwan ƙasa gwargwadon yawan gubar, a gwada da katin launuka. Cikin kamar minti 20 an samu amsa a bakin rijiya. Ba ya ba da adadi daidai wa daida, amma yana raba rijiya mai haɗari da mai lafiya. In ana son adadi na haƙiƙa sai ɗakin gwaje-gwaje, inda na'urori ke ƙona samfurin su karanta hasken da kowane sinadari ke sha, ko su tantance ƙwayoyin zarra bisa nauyinsu.

Kun san a Zariya akwai tukunyar nukiliya da ke irin wannan aiki? Tana Cibiyar Bincike da Horaswa kan Makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello, ta fara aiki a 2004, ƙarfinta kusan kilowat 30 ne kawai. Ba ta ba kowa lantarki. Ana saka ɗan samfurin ƙasa ko hatsi ko gashi a cikinta, a yi masa ruwan niyutiron, kowane sinadari ya fitar da nasa haske na daban, a karanta. Arsenik na cikin waɗanda wannan hanya ke kamawa da kyau.

Ko kun san likita ba jini ya fi so ba idan yana neman arsenik a jikin mutum? Cikin sa'o'i yake barin jini. Hanta ce ke sarrafa shi, ƙoda ta fitar da mafi yawansa cikin 'yan kwanaki, don haka fitsari ake aunawa. Abin da ya shige wata da watanni kuma sai a tambayi gashi da farce, domin can yake maƙalewa. Gashi na tsiro kamar santimita ɗaya a wata, saboda haka in aka yayyanka sili guda aka auna gaɓa-gaɓa, ana iya ƙiyasta watan da gubar ta shiga. A farce kuwa yakan bar fararen layuka a kwance. Wani abin mamaki, wanda ya ci kifin teku jiya, fitsarinsa zai nuna arsenik mai yawa alhali lafiyarsa ƙalau, domin nau'in da ke jikin kifi jiki ba ya riƙe shi, yadda ya shiga haka yake fita. Shi ya sa ake hana cin kifin teku na 'yan kwanaki kafin gwaji.

Gashin Napoleon, sarkin Faransa da ya mutu a tsibirin Saint Helena a 1821, ya nuna arsenik mai yawa, aka yi ta cewa Ingilawa ne suka ba shi guba. A 2008 masana a Italiya suka auna gashinsa na ƙuruciya da na matarsa da na ɗansa, duk suka samu haka. Mutanen zamanin ne ke rayuwa cikin arsenik, a fenti da magani da takardar adon bango. Likitocin da suka buɗe gawarsa ciwon dajin ciki suka rubuta.

Shin ko kun san ta hanyar sojan gona yake kisa? Manomi ya san harafin P da ke jikin buhun takin NPK, wato fosfaras. A jadawalin sinadarai arsenik na ƙarƙashin fosfaras kai tsaye, kamanninsu ɗaya. Jiki na amfani da fosfaras wajen ajiye ƙarfin da ya samu daga abinci, to sai wani nau'in arsenik ya shige gurbinsa, abin da aka ƙulla ya warware nan take, ƙarfin ya zube a banza. Ɗaya nau'in ya fi wannan mugunta. Shi farar wuta yake bi, ya damƙe ta a jikin sinadaran da ke juya sukari ya zama ƙarfi a cikin ƙwayoyin halitta, aikinsu ya tsaya cak. Mutum na da abinci a ciki, yana shaƙar iska, amma ƙwayoyin jikinsa na mutuwa da yunwa.

Kamannin nan ya taɓa ruɗar manya. A 2010 hukumar NASA ta Amurka ta kira 'yan jarida ta ce an gano ƙwayar bakteriya a tafkin Mono na Kalifoniya da ke gina jikinta da arsenik maimakon fosfaras. A 2012 wasu masana suka sake gwadawa suka ƙaryata, a 2025 mujallar Science ta janye rahoton.

Ko kun san wannan gubar ta yi shekaru tana aikin asibiti, har a ƙasar Hausa? A 1910 Paul Ehrlich na Jamus da abokin aikinsa Sahachiro Hata na Japan suka fito da Salvarsan, maganin tunjere na farko da ya yi aiki da gaske, kuma arsenik ne ƙashin bayansa. A shekarun 1930, da cutar barci ta addabi lardin Zazzau, allurar tiraifasamaid mai arsenik na cikin abin da ma'aikatan lafiya suka riƙa yi wa jama'a ƙauye-ƙauye, ga ta da illar taɓa ido. A wannan yaƙi da ƙudan tsando mai yaɗa cutar ne aka fara aikin Anchau a 1937, aka sassabe bakin rafuka, aka gina sabon gari aka sa masa suna Takalafiya. A 1949 melarsoprol ya fito. Yana ceto wanda cutar ta kai wa ƙwaƙwalwa, amma cikin kowane mutum 20 da aka yi wa, kusan ɗaya maganin ne ke kashe shi. Haka aka yi ta haƙuri da shi fiye da shekara 50 saboda babu wani, abin da ni dai nake gani da cutar ta masu kuɗi ce da bai kai haka ba.

Masu raƙuma da ke cika kasuwar dabbobi ta Illela ran Lahadi, ko kun san allurar Cymelarsan da likitocin dabbobi ke yi wa raƙumi mai sammore ita ma 'yar gidan arsenik ce?

Farin garin nan na masu kisa kuwa yau maganin wani nau'in sankarar jini ne. Likitocin Harbin a ƙasar Sin suka gano haka a shekarun 1970, Amurka ta amince da shi a 2000. Idan aka haɗa shi da wani magani dangin bitamin A, fiye da kashi 90 cikin 100 na masu wannan nau'i na warkewa.

Kun san sauron Afirka ta Yamma ya taɓa ƙetare teku, arsenik ya kore shi? A 1930 aka gan shi a birnin Natal na Barazil, a 1938 zazzaɓin cizon sauro ya kashe dubban mutane a yankin. Aka bi kududdufi ɗaya bayan ɗaya ana barbaɗa wani koren gari mai arsenik da jan ƙarfe. Zuwa 1940 an share shi daga ƙasar.

Ko kun san katakon da aka jiƙa da maganin gara mai arsenik, wanda yakan yi ɗan kore-kore, bai kamata ya shiga murhu ba? Hayaƙinsa guba, tokarsa ta fi. Wayar da ke aljihunku ma akwai ɗan arsenik a wasu sassanta, haɗe da sinadarin galiyam, sai dai a kulle yake. Kwalli kuwa matsalarsa dalma ce, ba arsenik ba. Amma ƙasar da mata masu ciki ke ci don tashin zuciya, wadda ake kira nzu a Kudu, a 2009 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi a kanta bayan an samu dalma da arsenik a ciki. Masu kwaɗayin farar ƙasa sai a yi hattara.

Shin ko kun san shinkafa ta fi sauran hatsi jan arsenik, har kusan ninki goma? Ruwan da ke kwanciya a fadama ne ke narkar da shi daga ƙasa, saiwar shinkafa ta zuƙe shi ta ƙofar da take shan sinadarin silika. Ya fi taruwa a dusa. Gero da dawa da ke tsiro a tudu ba su da wannan hali. Wannan ba dalilin ƙaurace wa shinkafar Wurno ko ta Goronyo ba ne, domin yawan abin ya danganta da ƙasar da ruwan da aka yi noman da su. Ma'aunin duniya na 2014 ya sa iyaka miligiram 0.2 a kilo na farar shinkafa. Dafa ta cikin ruwa mai yawa a tsiyaye, yadda iyayenmu mata ke yi kafin a turara, na rage kusan rabi, muddin ruwan kansa mai lafiya ne.

Ga inda maganar ta fi shafarmu. Ko kun san yawancin waɗanda arsenik ke cutarwa a yau ba wanda ya zuba musu? Daga rijiya suke sha. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum miliyan 140 a ƙasashe aƙalla 70 na shan ruwan da ya haura iyaka. Iyakar, tun 1993, maikurogiram 10 ce a lita, kuma ita ce a ma'aunin ruwan sha na Najeriya. In kuna son ku gane ƙanƙantarta, ku dubi tankar mai mai lita 33,000 irin da ke bin hanyar Sakkwato zuwa Illela: giram ɗaya tak a cikin tanka uku, an kai iyaka.

A irin wannan shan kaɗan-kaɗan babu amai babu gudawa. Sai an yi kamar shekara biyar fata ta fara ɗige-ɗigen baƙi da fari a ƙirji da baya, tafin hannu da na ƙafa su yi kanta mai ƙuraje. A ƙauyen da kowa ke riƙe da fartanya, wa zai kai kanta asibiti? Bayan shekaru sai ciwon dajin fata, ko na mafitsara, ko na huhu. Arsenik na ratsa mahaifa ya kai ga ɗan tayi. Birnin Antofagasta na ƙasar Chile ya sha ruwa mai arsenik sosai daga 1958 zuwa 1970, aka gyara ruwan, amma shekara 30 bayan haka ciwon daji bai daina bin waɗanda suka sha ba.

Ko kun san mafi munin wannan masifa da kyakkyawar niyya aka jawo ta? A Bangaladash ruwan tafki da kogi na kashe yara da gudawa, sai daga shekarun 1970 aka shiga kafa miliyoyin famfunan tuƙa-tuƙa. Mutuwar yara ta ragu. Ruwa garau, an auna ƙwayoyin cuta babu, amma ba wanda ya nemi arsenik. Sai a 1993 aka tabbatar da shi, a 2000 wani rahoto a mujallar Hukumar Lafiya ta Duniya ya ce mutum miliyan 35 zuwa 77 na cikin haɗari. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Da aka shiga awo ana shafa wa bakin famfo fenti, kore mai lafiya, ja mai guba, sai aka ga abin da ya fi ba da tsoro: famfo biyu a unguwa ɗaya, ɗaya kore ɗaya ja. Lafiyar rijiyar maƙwabci ba shaida ba ce a kan taka.

Kada a ce ai can Asiya ne. A lardin Yatenga na arewacin Burkina Faso, wajen Ouahigouya, wani bincike da aka buga a 2007 ya samu rijiyar burtsatse mai fiye da maikurogiram 1,600 a lita, ninki 160 na iyaka, ga mutane da alamun a fatarsu. Duwatsun yankin masu zinariya ne, kuma arsenik abokin zaman zinariya ne a cikin dutse. A Tibiri ta Maradi sinadarin fulorayid ne, daga rijiyar da aka haƙa a tsakiyar shekarun 1980, ya lanƙwasa ƙafafun ɗaruruwan yara kafin a farga. A Zamfara a 2010 dalma ce daga dutsen zinariya da ake daka a cikin gida, ta kashe yara fiye da 400 a Anka da Bukkuyum. A watan Afrilun 2024 hukumar daƙile cututtuka ta ƙasa, NCDC, ta ba da sanarwar wata cuta mai kumbura cikin yara a ƙaramar hukumar Isa ta jihar Sakkwato, mutum 164 sun kamu, 4 sun rasu, kuma gwajin farko ya nuna dalma da kuromiyam a jinin wasu. Daga baya aka ambaci Sabon Birni da Illela. Guba daban-daban, amma duk sai da yara suka kwanta kafin a ɗauko na'urar awo.

Abu biyu game da Zamfara da ba kowa ya sani ba. Maganin da ƙungiyar likitoci ta MSF ta ba yaran don fitar da dalma, asalinsa daga maganin da masanan Oxford suka haɗa lokacin Yaƙin Duniya na Biyu ne don karya wani makamin guba mai arsenik. Na biyu, na'urar hannu da ake haska ƙasa da ita a irin waɗannan ƙauyuka, alamar dalma da ta arsenik kusan wuri ɗaya suke faɗowa a cikinta, don haka inda dalma ta yi yawa tana iya rufe arsenik sai an kai samfurin ɗakin gwaji.

Ko kun san ruwan da ke ƙarƙashin garuruwan Garu da Kalmalo da Araba na yankin Illela bai san shingen kwastan ba? Ƙasar Illela da ta Birnin Ƙonni na zaune kan shimfiɗar yashi da laka da dutsen farar ƙasa ta kwarin Iullemmeden, wanda Najeriya da Nijar da Mali suka yi tarayya a kansa. Ba irin duwatsun zinariyar Zamfara ko Yatenga ba ne. Sai dai Bangaladash ma laka ce da yashi, ba zinariya. Irin ƙasar wuri na nuna inda za a fi sa ido ne kawai, hukunci na wurin awo.

Kuma tafasa ruwa ba ya fitar da arsenik, ƙara masa ƙarfi ma yake yi, tunda ruwan ne ke tashi ya bar gubar a tukunya. Tacewa da ƙyalle ma haka. Abin da ke kama shi tsatsar ƙarfe ce. Da ita Abul Hussam, ɗan Bangaladash, ya haɗa matatar bokiti mai yashi da gawayi da garin ƙarfe, wadda ta ci kyautar dala miliyan ɗaya a 2007.

Ana ƙaddamar da rijiyar burtsatse da kiɗa da jawabi da allon sunan wanda ya ba da kuɗi, amma da wuya ka ga an karanta wa jama'a sakamakon awon ruwan. Mai unguwa, limami, shugaban kwamitin famfo, duk wanda za a miƙa wa makullin sabuwar rijiya, ya nemi takardar gwaji kafin ya sa hannu, ya duba ko an auna arsenik da dalma da fulorayid, ba ƙwayoyin cuta kaɗai ba. Tsofaffin rijiyoyin da ba a taɓa aunawa ba kuma a kai kokensu sashen ruwa da tsafta na ƙaramar hukuma.